Badamagarena a Lissafin Asabar

Karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, na allo kuma a inda malam ya gaji da ni. Na faɗi haka tun da wuri don kada wani mai digiri ya karanta wannan ya ce tsoho ya tsoma baki a harkar da ta fi ƙarfinsa. Na tsoma. Harkar hukuma da lissafinta na shiga, kuma ba da son raina ba, wani Badamagare ne ya jefa ni.

A unguwar Manfuha ta birnin Riyad muke, ɗaki ɗaya, mu uku. Ni ina dafa shayi da gahawa a wani ofis a Murabba, iƙamata, wato takardar izinin zama, lafiya lau, kafilina, Balaraben da nake zaune a ƙarƙashin sunansa, tsoho ne kamar ni, ba ya da hayaniya. Akwai wani direba mutumin Maraɗi, magidanci, wanda barci kawai ke kawo shi ɗakin. Sai Badamagare. Shi tun shekarun baya ya rabu da kafilinsa aka rubuta masa hurub, wato wai ya gudu, ko da yake mutumin da gwiwarsa ke ƙara kamar tsohon ƙyaure ban san ina zai gudu ba. Sana'arsa busasshen burodi. Yakan bi gidajen abinci da keke yana tattara wanda ya kwana, ya shanya a saman bene, in ya cika buhu ya kai wa masu tumaki can wajen Shifa.

Ranar da ya fara shigowa ɗakin na tambaye shi daga ina.

"Damagaram," ya ce.

Na ce, "To ajiye kayanka nan bakin ƙofa, nan ne wurin bayi."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Bakano ne? Bari in ƙulle jakata tukuna."

Wanda ya san tsakanin Kanawa da Damagarawa ya san an gama gaisuwa ke nan. Daga ranar ni ne Bakano, shi ne bawana. In ya yi miya sai in ce ko a kurkuku an fi haka gishiri. In na yi minshari ya ce da kakanninsa sun san haka Kanawa ke barci da sun shiga birni ba tare da doki ba. Mutanen layi suka bi bakina suna ce masa Damagaram. Har Bayamanen da ke da kanti a ƙasan gidanmu haka yake kiransa, yana zaton sunan yanka ne.

Wata rana cikin tsananin zafi ya fita bayan asuba kamar kullum. Ɗabi'arsa ya dawo kafin azahar, don ranar Riyad ba ta san tsoho ba. Na taso daga aiki bayan la'asar na tarar da ɗaki yadda na bar shi, tabarmarsa a naɗe. Na kira wayarsa, a kashe. Na dafa shinkafa ta mutum biyu, na ci ta mutum ɗaya, na rufe sauran.

Washegari direba ya ɗauke ni a mota muka bi hanyoyin da yake bi. Muka sami keken a jingine da bangon wani mai gasa tamis, burodin nan mai faɗi na tanderu, buhu a ɗaure a baya bai kai rabi ba. Mai tamis ɗin mutumin Afganistan ne, Larabcinsa da nawa duk a kasuwa ɗaya aka saye su. Ya ce, "Sayyara yiji, shil, ruh." Mota ta zo, ta ɗauka, ta tafi.

Na ce wace mota?

Ya ɗaga hannu bisa kansa yana juya yatsa. Mai fitila a ka.

"Fitilar wace iri? A tsaye ya shiga ko ɗaukarsa aka yi?"

Ya ce shi kansa na cikin tanderu, mutane na jiran burodi. Walƙiyar fitilar kawai ya gani a jikin bango, da ya ɗago mota ta sha kwana.

To jama'a, a garin nan mota biyu ce ke da fitila a ka da ke ɗaukar mutum irinmu. Akwai ta 'yan sanda, akwai ta asibiti. In ta farko ce, bawana na can tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, yana cin shinkafar gwamnati yana kushe ta, wata rana a sa shi a jirgi kyauta. In ta biyu ce, to mutum ne mai hawan jini wanda ya faɗi a rana. Abin da nake so in sani ke nan, ba wani abu ba. Wace mota ce.

Na fara da asibiti. Na sa farar rigata ta Juma'a don a ɗauke ni da daraja, na tsaya gaban wani ma'aikaci da ke bayan gilashi. Na ce ina neman ɗan'uwana. Ya ɗora yatsu kan na'ura ya ce, "Ism?" Suna.

Na buɗe baki. Na ce, "Damagaram."

Ya buga, ya jira, ya ce mafi, babu. Ya ce sunan uba fa? A nan na tsaya ina kallon gilashin kamar an rubuta amsar a jiki.

Kada wanda ya yi mini dariya. Wa ya taɓa tambayar bawansa suna? Da muka koma mota direba ya ce, "Baba, kai da kunka shekara da shekaru kuna ci kwano guda?"

Na ce, "Kai da kake ɗan ƙasarsu fa?"

"Ni Baba Damagaram nike ce mishi."

"To ka ga ka fi ni ilimi da kalma ɗaya."

Muka zazzage jakarsa. Riguna, allura da zare, wata rediyo da ta daina magana tun tuni, man zafi na gwiwa. Babu takarda ko ɗaya. Tsohuwar iƙamarsa da ta mutu a aljihu yake yawo da ita cikin leda, wai ko matacciya ce ta fi babu.

Ina da lambar matarsa, don in katinsa ya ƙare da wayata yake kiranta. Na kira. Muka gaisa, na gaya mata abin da ya faru a hankali, ban ambaci mota ta biyu ba. Ta yi salati. Sai na ce, "Hajiya, ki gaya mini cikakken sunansa, hukuma ke tambaya."

Na ƙara manna wayar a kunne.

"Hajiya, kina ji na?"

"Ina jin ka, Malam. Ai ka san shi. Baban yara."

"Na san baban yara ne. Sunansa."

"Sunan babban ƙanena gare shi."

"To ƙanen naki wa sunansa?"

"Ai shi ma ba ni faɗi, tunda sunan guda ne."

Na riƙe waya ina kallon silin. Mace ta yi jikoki da mutum, bakinta bai taɓa furta sunansa ba, ba za ta fara yau don hukumar wata ƙasa ba. Ban ga laifinta ba. Ta miƙa wa babban ɗansu, wani tela, shi ya faɗa mini. Sunan kuwa irin wanda in ka tsaya ƙofar masallaci ka kira shi rabin sahu za su waiwayo ne, na uban ma haka. Tela ya ƙara da cewa a fasfo ba haka yake ba. Da rubutun Faransanci aka rubuta shi, an cusa masa haruffan da ba a furtawa, kuma yana jin sunan kaka aka sa a gaba. Sannan da ya iso nan wani ma'aikaci ya kalli wannan Faransancin ya juya shi zuwa Larabci yadda idonsa ya ba shi. Suna ya bar Damagaram lafiya, ya iso Riyad ko uwarsa ba za ta gane shi ba.

Na koma asibiti da sunan, na je wani asibitin ma. Ko'ina amsa ɗaya: masu wannan suna sun fi a ƙirga, a kawo lambar iƙama. Direba ya je ofishin jakadancin ƙasarsu, suka karɓe shi da mutunci, suka ce in mai irin sunan ya biyo ta hannunsu neman takardar tafiya za su kira. Har yau wayar direba ba ta yi wannan ƙarar ba.

Shi direban ne ya nuna mini sanarwar Asabar. Ashe duk mako hukuma na fitar da bayanin waɗanda ta kama, ni ban sani ba, ina nan ina dafa gahawa. Na sa tabarau na koyi karanta ta da kaina, harafi bayan harafi, kuma ina shaida wa duniya cewa mutanen nan ba su da rowar lissafi. Za su gaya maka mutum nawa aka kama a makon. Nawa ne na iƙama, nawa ne na aiki, nawa ne suka tsallako iyaka. Nawa maza, nawa mata. Nawa aka tura su nemo takarda, nawa ake nema wa kujerar jirgi, nawa suka riga suka tashi. A wajen masu tsallako iyaka sukan ambaci ƙasa ɗaya ko biyu da suna, ragowar a ce sauran ƙasashe. Na duba, na sake dubawa, na ga in dai za a ambace mu, to a nan muke. Kano da Damagaram da Maraɗi, duk faɗan da kakanninmu suka yi, an zuba mu a kalma biyu.

Na nemo ta makon da ya ɓata. Lamba ce doguwa. Ni ta ƙarshen nake kallo, ta gefen dama. Ina cewa a raina, da ba don shi ba, da ta ragu da ɗaya. Sai kuma wata zuciyar ta ce, ko kuma dama haka take, shi yana wani wuri mai sanyi da ba a sanarwa.

A ofis akwai wani akawu Basudane da nake kai wa shayi ba sukari. Na kai masa ƙara. Na ce, "Ustaz, mutanen da suka iya ƙirga mutum har su raba maza da mata, me zai hana su rubuta sunaye a ƙasa? Tawada ce ta ƙare?"

Ya cire tabarau ya ce, "Ya hajji, in kai aka kama, kana so surukanka a Kano su buɗe waya su ga sunanka? Wani an kama shi bisa kuskure, gobe a sake shi, amma sunan ya zauna a waya har jikokinsa. Rufin asiri ne."

Na tsaya da tire a hannu. Maganarsa ta shige ni, don na san mutanen da a gida ana ce musu Alhaji, ana zaton manyan 'yan kasuwa ne, alhali kwali suke tsinta. Ba zan so a tona su ba. Na ce, "To na yarda, kada a liƙa a bango. Amma a buɗe taga ɗaya, ƙarama, inda mutum zai je ya ce: tsoho ne, baƙi, dogo, yana ɗingishi da ƙafar hagu, ba ya iya yin shiru. A ce masa yana nan, ko ba ya nan. Ko gaisuwa ba na so a kai masa."

Ya ce, "Kai wane ne nasa?"

Na ce, "Ubangidansa."

Ya yi dariya, ya ce wannan ba ya cikin dangantakar da na'ura ta sani. Ya sha shayinsa.

Ɗaki kuwa ya yi mini faɗi. Ban san yawan maganar da nake yi a rana ba sai da na rasa wanda zan zaga. Na gwada da direba. Ya shigo na ce masa, "Kai Bamaraɗe, wannan takalmin naka ko akuya ta gani sai ta yi kuka." Ya rusuna ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba, zan fitar da shi waje." Ya fitar. Na zauna ni da girmana. Na fara zuwa babban masallacin da ake kawo gawarwaki bayan la'asar. Can ma ba a faɗin suna, sai dai a ce salla ga mamata, a jera su gaban liman a rufe. Nakan yi niyya in ce, har da shi in yana ciki. In na fito kuma in ji haushin kaina, kamar na yi masa fata.

A nan ne dabara ta zo mini, kuma ina roƙon masu ilimi su rubuta ta a littattafansu. Na ce tunda bayanin yana ciki, ni ina waje, kuma ba a fito da shi, to ni in shiga. In aka kai ni tarhil zan bi ɗaki ɗaki ina kiran bawana, in yana nan zai amsa da zagi. Daga baya kafilina ya zo ya fitar da ni, in sha faɗa, shi ke nan.

Ranar hutuna na bar iƙama da waya a ƙarƙashin matashi. Na sa tsohuwar rigarsa, na zura man zafinsa a aljihu don in na same shi, na tura kekensa da buhun har gaban mai tamis, na zauna a kan dakali na yi fuskar marar takarda. Shekarun da na yi a garin nan, ko da takarduna cikakku, in na hango motar sintiri sai in sauya hanya. Ranar kuwa ina zaune ina yi musu addu'ar su zo. Ta farko ta wuce. Ta biyu ta wuce, na ɗaga hannu, na ciki ya ɗaga mini shi ma. Mai tamis ya ga na daɗe, ya miƙo mini burodi mai zafi sadaka.

Da rana ta fara cizo na ga abin ba zai zo da kansa ba. Na tura keke zuwa wata motar da ke tsaye a inuwar gada. Ɗan sandan ya sauke gilashi, sanyin ciki ya bugi fuskata.

"Na'am, ya amm?" Wato baffa.

Na ce, "Mafi iƙama." Na miƙa hannuwa biyu a haɗe don in rage masa aiki.

Ya kalli hannuwan, ya kalli keken, ya kalli abokin aikinsa. Ya fito da wata 'yar na'ura ya ce in ɗora yatsa. Na ɗora. Jama'a, yatsan da na yi shekara sittin da wani abu ina ci da shi, ashe munafuki ne. Nan take ya faɗi sunana, da na ubana, da na kafilina, da ranar da iƙamata za ta ƙare, har da hotona na lokacin da nake da haƙora. Ɗan sandan ya juyo da ita ya nuna mini.

"Takardarka lafiya, ya amm. Ka manta ta a gida ne? Kada ka ƙara. Je ka, akwai zafi."

Na ce a kama ni duk da haka.

Abokin nasa ya tuntsire da dariya. Shi bai yi ba. Ya buɗe ƙofa ya fito, ya ba ni ruwa mai sanyi, ya tambaye ni ko ba ni da lafiya ne, ko akwai wanda zai kira. Sai na tattara Larabcin kicin ɗina na gaya masa komai: keken, buhun, mota mai fitila. Ya saurara har ƙarshe, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Ya ce suna? Na faɗa. Ya girgiza kai. Lamba? Na ce babu.

Ya ce, "In babu lamba sai yatsa."

Na ce, "Yatsan yana tare da mai shi."

Ya ce in yana hannunsu zai isa ƙasarsa in sha Allah, in yi haƙuri. In kuma asibiti ne, in tambayi asibiti. Ina kallon na'urar a hannunsa, tsakanina da ita bai fi kamu ɗaya ba. Na tabbata bawana na cikinta, da sunansa da aka lanƙwasa, da hotonsa, da inda aka kai shi. Abin da ta sani a kaina ta faɗa ba tare da na tambaya ba. Na shanye ruwan, na yi godiya, na turo keke gida a ƙasa don ban iya hawa ba.

Aka ɗauki lokaci. Zafi ya wuce, sanyi ya shigo. Na ce wa kaina in da tarhil ne da yanzu ya isa. Direba ya ce ba lalle ba, wanda takardunsa suka rikice yakan daɗe, ya san wani da ya kusa shekara. Ban san ko gaskiya ya faɗa ko lallashina yake ba, ban kuma bincika ba.

Sai wata Juma'a bayan an sauko, ina zaune ina cin abinci, Hajiya ta kira da kanta. Bayan gaisuwa ta ce dangin mijin sun taru. Wasu na cewa a yi sadaka ta shiga takaba, tunda mutum ba ya ɓata haka ba labari. Wasu na cewa a jira. An je wa limaminsu ya ce shari'a na da nata lokacin, amma a fara tambayar wanda suke kwana ɗaki ɗaya.

Na ce, "Hajiya, ni ba malami ba ne. Karatuna ko rabi bai kai ba."

"Ba hatawa nike tambaya ba, Malam. Kai ka gane shi ƙarshe. Mi ka sani?"

Na ture kwanon gefe. Na so in yi mata wasa, in ce bayi ba sa mutuwa ba da izinin ubangida ba, amma maganar ta ƙi fitowa.

Na ce, "Kada ki shiga. A makon da ya ɓata hukuma ta sanar ta kama mutane da yawa, masu irin matsalarsa. Ban ga dalilin da za a kwashe su a bar shi ba."

"Ka ga sunanshi ciki?"

"Ba a sa suna."

"To in ba a sa ba, ƙaƙa ka sani?"

Na ce, "Ban sani ba, Hajiya. Mota biyu ce, ban ga ko ɗaya ba. Na zaɓi wadda zan iya zama da ita."

Ina jin kaji a bayanta, da wata tana daka.

Sai ta ce, "To. Zan gaya musu a jira." Ta ɗan tsaya. "In ka rigaye ni jin shi, ka ce mishi jar akuyar ta haihu."

Na ce zan gaya masa. Na tambaye ta nawa ta haifa, don na san shi, abin da zai fara tambaya ke nan, kuma in ban sani ba zai ce Bakano ko saƙo bai iya riƙewa ba.

Ta ce biyu, duk mata.